Mufida da Manhajar Ban Ruwan Albasa

Mufida yarinya ce mai yawan tambaya. Tana aji biyu na ƙaramar sakandare a garin Jega. Idan ta ga sabon abu, hankalinta ba ya kwanciya sai ta san yadda yake aiki.

A farkon zango na biyu, makarantarsu ta samu kwamfutoci shida. Malama Tasalla, mai koyar da kwamfuta, ta tara 'yan ƙungiyarta ranar Talata bayan an tashi.

"Bana manhajar waya za mu haɗa da kanmu," in ji ta.

Mufida ta ɗaga hannu. "Malama, a cikin waya ake haɗa ta?"

"A'a, a kwamfuta ake rubuta ta, a wani wuri da ake kira edita. Edita kamar littafin rubutu yake. A ciki kike rubuta wa waya umarni, layi bayan layi. Amma ya fi littafi. Yana gwada abin da kika rubuta, ya kuma nuna miki inda kika yi kuskure."

Malama ta buɗe aljihun teburinta, ta fito da wayoyi biyu, baƙa da fara.

"Manyan wayoyin zamani iri biyu ne. Ga ɗaya, ga ɗaya. Sau ɗaya za mu rubuta manhajarmu, amma dole ta yi aiki a kan duka biyun."

Ta rubuta matakai a kan allo. Yara suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Suka sa edita a kwamfuta. Suka ƙara masa kayan aikin da yake bukata. Daga nan suka rubuta wani ɗan gajeren umarni mai duba ko komai ya zauna daidai. Alamomi koraye suka jeru a gaban Mufida.

Ta danna maɓallin farawa. Sai ga hoton waya ya bayyana a gefen kwamfutar, yana kunnuwa kamar na gaske.

"Malama! Waya ta fito! Akwai kati a cikinta? Zan iya kiran Inna?"

Yara suka kwashe da dariya. Malama ma ta yi murmushi.

"Wannan wayar gwaji ce, Mufida. Tana taimakawa, amma ba ta isa ba. Dubi mataki na ƙarshe a kan allo. Duk wanda ya gama manhajarsa, sai ya jona wayoyin nan biyu da kwamfuta ta igiyar caji, ya gwada a kan kowace. Bayan haka ne zai sa alama a gaban sunansa."

Kowa ya zaɓi abin da zai haɗa. Mufida ta tuna da Kawu Gado, ƙanen Innarta. Manomin albasa ne a Sabiyal, can wajen Aliero. Ta sha jin yana cewa albasa tana son a tsayar mata da ruwa kafin a cire ta. In ba haka ba, sai ta ruɓe a wurin ajiya.

Don haka ta haɗa manhaja mai ƙirga kwanaki. Manomi zai rubuta ranar da ya yi dashe. Idan kwana casa'in ya cika, waya za ta yi ƙara, ta rubuta: "A tsayar da ban ruwa."

Mako uku tana aiki. Ta sa hoton albasa. Ta canza launi har sau biyar. A wayar gwaji, komai yana tafiya daidai.

Amma duk lokacin da ta kunna manhajar, wani jan rubutu yana fitowa a ƙasan edita. Dogon Turanci ne, da ƙananan haruffa. Mufida ta dube shi, ta ɓata fuska.

"Ai manhajar tana aiki," ta ce a ranta. Ta rufe wurin da rubutun yake fitowa.

Ranar gwaji, yara suka yi layi a gaban tebur. Wayoyi biyu ne kawai, yara kuwa goma sha takwas. Mufida ta gwada a kan farar waya, ta ga ta yi aiki. Layin baƙar waya kuwa ya yi tsawo, ga yunwa tana cinta. Ta waiga, ta ga Malama tana taimaka wa wani yaro. Sai ta ɗauki alli, ta sa alama a gaban sunanta.

"Kin gwada a duka biyun?" Malama ta tambaye ta da za ta fita.

"E, Malama," in ji Mufida, tana kallon ƙasa.

Malama ta tura manhajar a wayar Inna. A ƙarshen mako Kawu Gado ya zo Jega a kan babur ɗinsa. Mufida ta tare shi tun daga zaure.

"Kawu, sannu da zuwa! Kawo wayarka ka ga abin da na haɗa."

Ta tura masa manhajar, ta yi masa bayani. Kawu ya juya wayar, ya dubi bayanta, ya sake duban gabanta.

"Wagga waya ta san albasa?" ya tambaya. "Ina tag gane ta?"

"Ni na koya mata, Kawu. Yaushe ka yi dashe?"

"Sha biyu ga watan ɗaya."

Mufida ta rubuta 12/1, ta miƙa masa.

Kawu ya yi dariya. "Shekara talatin ina noman albasa, ɗiyata. Ganye nake dubawa, ba waya ba. Amma na ba ki fangali guda, ɗan yanki cikin gonar albasata. Abin da waya tac ce, shi za a yi mai. Mu gani."

Mufida ta yi tsalle don murna.

Kwanaki suka wuce. Aka shiga watan Maris, rana ta fara zafi sosai. Wata Talata, Malama Tasalla ta shigo da albishir.

"Manoman Liba, a Maiyama, sun ji labarin manhajar Mufida. Sun ce mu kai musu ranar Asabar. Mutum ashirin ne za su sa ta a wayoyinsu."

Yara suka tafa. Mufida ta koma gida tana jin kamar ta tashi sama.

Washegari da yamma ta ji ƙarar babur a ƙofar gida. Kawu Gado ne. Ya gaisa da Inna, ya zauna a kan tabarma. Sannan ya sa hannu a aljihu, ya fito da albasa biyu.

"Ɗiyata, zo ki gani."

Ɗaya ganyenta kore ne shar, a miƙe. Ɗayar kuwa ganyenta ya yi laushi, bakinsa ya bushe. Kanta bai wuce girman lemun tsami ba.

"Wagga daga fangalinki take," in ji Kawu. "Kwana huɗu ke nan da waya tac ce a tsai da ruwa. Ni na san da saura da yawa. Amma nac ce bari in gani, ko 'yan boko sun gano abin da ban sani ba. Da nig ga za ta mutu, sai na maida mata ruwa."

Mufida ta karɓi albasar. Ta shafa busasshen ganyen. Ta yi ƙirga da yatsunta. Daga dashe zuwa ranar da waya ta yi ƙara, ko kwana hamsin ba a yi ba. To, ina waya ta samo casa'in?

Sai ta tuna da manoman Liba. Mutum ashirin. Su ba fangali guda za su ba ta ba. Wani ma gonarsa duka zai bi maganar waya.

"Lafiya, Mufida?" Inna ta tambaya.

Hawaye suka cika mata ido. "Inna, laifina ne. Malama ta ce a gwada a waya biyu. Ni a ɗaya na gwada. Na ce mata na yi duka. Kuma akwai wani jan rubutu da nake rufewa."

"Me rubutun yake cewa?"

"Ban karanta ba."

Inna ta riƙe haɓa. "Ke da kike tambayar komai? Abu ya zo yana yi miki magana, shi ne kika rufe masa baki?"

Mufida ta sunkuyar da kai.

"Share hawayenki," in ji Inna. "Gobe ki gaya wa Malama gaskiya, kafin abin ya kai gonakin mutane."

"Ni ma zan kwana nan," in ji Kawu. "Ina son in ga cikin abin nan da idona."

Washegari da aka tashi daga makaranta, Mufida ta shiga ɗakin kwamfuta, Kawu yana biye da ita. Ta ajiye albasar a kan teburin Malama. Ta faɗi duk abin da ya faru, ba ta rage komai ba.

Malama Tasalla ta ɗauki albasar, ta dube ta.

"Kuskure a manhaja ba abin kunya ba ne," ta ce. "Kowa yana yi, har ni. Abin da ya ɓata mini rai shi ne kin ce kin gwada, alhali ba ki gwada ba. Je ki goge alamar nan."

Mufida ta je gaban allo. Sauran yara suna kallo. Ta goge alamar da hannunta.

"Ni ma na yi sake," in ji Malama. "Daga yau sai na gani da idona. To, zo mu nemo kuskuren." Ta dubi Kawu. "Baba, a ba mu wayar."

Suka jona wayar Kawu da igiya. Irin baƙar wayar nan ce. Sunanta ya fito a ƙasan edita.

"Buɗe wurin da kika rufe."

Mufida ta buɗe. Jan rubutun ya dawo. Wannan karon ta sa yatsa, ta bi shi kalma bayan kalma. Inda ta kasa, Malama ta taimaka mata.

"Yana cewa a duba layi na talatin da huɗu," in ji Mufida a hankali. "Wai yadda na rubuta kwanan wata, ba kowace waya ce za ta karanta shi iri ɗaya ba."

"Madalla. Je ki layin. Danna gefensa."

Ta danna. Wani jan ɗigo ya fito.

"Wannan ɗigon na mene ne, Malama?"

"Birki ne. Idan manhaja ta iso nan, za ta tsaya cak. Sai ki leƙa ki ga abin da ta ɗauko."

Kawu ya matso da kujerarsa. Mufida ta kunna manhajar, ta rubuta 12/1 a wayarsa. Manhajar ta tsaya. A gefen hagu na edita, wani ɗan rubutu ya bayyana. Mufida ta karanta, ta zaro ido.

"Ɗaya ga Disamba! Malama, ta juya shi! Ta ɗauki sha biyu a matsayin wata, ɗaya a matsayin rana!"

"Kwana nawa ta ƙara ke nan?" Malama ta tambaya.

Mufida ta ɗauki biro, ta yi lissafi a tafin hannunta. "Arba'in da biyu."

"Ikon Allah," in ji Kawu. "Ashe baibai tak karanta."

"Ba laifinta ba ne, Kawu. Ni ce ban faɗa mata wanne ne rana, wanne ne wata ba."

Ta yi tunani, tana cizon biro. Can ta ɗago kai. "Malama, idan na cire rubuta lamba fa? In sa kalanda, mutum ya taɓa ranar da yatsa?"

"Gwada mu gani."

Ta ɗauki kusan awa guda. Sau biyu jan rubutu yana fitowa, sau biyu tana karantawa tana gyarawa. A na uku bai fito ba. Ta gwada a wayar Kawu. Ta gwada a baƙar waya, ta gwada a fara. Duka suka ce sha biyu ga Janairu.

Ranar Asabar suka tafi Liba a motar makaranta. Manoma sun taru a ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Shugabansu, Malam Lauwali, ya yi musu maraba.

Mufida ta miƙe. Kafin ta nuna manhajar, ta ba su labarin fangalin Kawu.

"Don haka, iyayena, kowa ya kawo wayarsa mu gwada a gabansa," ta ce. "Kuma idan waya ta ce a tsayar da ruwa, a fara duba ganye tukuna."

Malam Lauwali ya gyaɗa kai. "Yarinyar da ta faɗi kuskurenta da bakinta, na yarda da aikinta," ya ce. Shi ya fara miƙo tasa wayar.

Sai la'asar suka gama. Waya ashirin, Mufida ta gwada kowace.

Da lokacin cire albasa ya yi, Kawu Gado ya kira wayar Inna. Ya ce fangalin Mufida ya farfaɗo. Albasar fangalin ba ta kai sauran girma ba, amma ko ɗaya ba ta mutu ba. Ya ce shekara mai zuwa zai ba ta fangali uku.

Tun daga lokacin, Mufida ba ta sake rufe gargaɗi ba tare da ta karanta ba. Ta gane cewa gaggawa tana ɓata aiki, kuma ƙaramar ƙarya tana iya cutar da mutane da yawa. Idan ta yi abu, takan ce ta yi. Idan ba ta yi ba, takan faɗi gaskiya, sannan ta koma ta yi shi.