Faɗuwar Don Porrazo ta Ƙarshe

"Kwashi lemonka ka fita, Fermín."

"Neli, ki tsaya ki saurare ni..."

"Na ce ka fita. Ko sai na tara maka mutanen gidan nan?"

Ba sai ta tara su ba. Gidan haya ne a unguwar Barracas, ɗaki na jikin ɗaki, kuma tun da Fermín ya sako ƙafa matan tsakar gida suka sassauta wankinsu suka kasa kunne. Nélida ta gan su sarai, ba ta damu ba. Ta tare ƙofar ɗakin mahaifinta da jikinta, idanunta jajur.

"Don Anacleto na zo dubawa," in ji shi.

"Ka dube shi ai. Ta ramin kyamararka ka dube shi son ranka, yana kwance ƙashinsa a karye."

Fermín ya sunkuyar da kai.

Babu wanda bai san mahaifinta ba a Buenos Aires, sai dai kaɗan ne suka san sunansa Anacleto Ferrante. Don Porrazo ake ce masa, wato mai faɗuwa tim, ɗan tsohon nan na majigi mai burgujejen wando da ƙaramar hula, wanda ba ya tsallake bokiti sai ya afka ciki. Majigin ba ya magana, shi ma bai taɓa buƙatar magana ba. Faɗuwa ce sana'arsa, ya iya ta kamar yadda mahauci ya iya wuƙa.

A makon jiya suna aiki a saman benen kamfanin majigi, inda rana ke ba su haske. Tsohon ya fito a mai fenti, zai faɗo daga tsani ya sauka kan buhunan ciyawa da aka ɓoye. Tsanin ya zame gefe, ya sauka a bakin kwamin siminti.

Kowa ya tuntsire da dariya, har mai kamfanin. Nélida, wadda ita ke ɗinka wa mahaifinta kayan wasa, tana tsaye da allura a baki, ta ji wata ƙara da ba ta cikin shiri. Ta kwala ihu a tsaya. Fermín, saurayin da aka sa ranar aurensu, yana duƙe yana juya hannun kyamara, bai ko waiwayo ba. Tsohon ya yi ta jan ciki a cikin fenti, yana laluben hularsa da ta gangara, yana yamutsa fuska, mutane na riƙe ciki. Sai da ya kamo hular ya ɗaga ta sama sannan Fermín ya tsaya, tsohon kuma ya suma.

Dokar Don Anacleto ce, kowa a kamfanin ya haddace ta. Mai juya kyamara ba ya tsayawa sai an ɗaga hula, ko da benen ne ya kama da wuta.

"Tambaya ɗaya zan yi maka," ta ce. "Ka ji ƙarar ko ba ka ji ba?"

Har ga Allah so take ya yi mata ƙarya. Da ya ce bai ji ba, da ta yi kuka a ƙirjinsa an wuce wurin.

"Na ji."

"Ka san ya karye?"

"Na sani... Neli, ya kalle ni. Kin san a majigi mutum na faɗin abin da ya ga dama, ba mai ji a silima. Yana rarrafe yana ce mini, in ka tsaya ban yafe ba."

"Sai ka bi maganar wanda zafi ya gusar wa hankali."

"Shi ya ɗauko ni daga sharar ɗakin wanke fim ya koya mini aikin nan. Ban taɓa ƙetare maganarsa ba."

"Ni kuma da na yi ta ihu? Kare ne yake haushi?"

Daga cikin ɗaki aka bubbuga gado da sanda.

"Nélida, matsa ki ba yaron nan hanya. Ni na karye ko ke?"

Ta ja gefe don dole. Don Anacleto na kwance an ɗaure shi da katako tun daga ƙugu har gwiwa, ya rame, gemu ya fito masa fari fat. Likita ya riga ya faɗa mata a keɓe cewa shi da tafiya sai dai a mafarki. Amma yana ganin Fermín idonsa ya kawo haske.

"Ka wanke? Ya fito?"

"Ya fito, maigida."

"Fuskata fa? Ba ta fita daga hoto ba?"

"Tana ciki tsaf."

Tsohon ya saki ajiyar zuciya kamar wanda aka yi wa albishir da haihuwa. 

"Ba za a nuna shi ba," in ji Nélida.

"Wa ya tambaye ki?"

"Baba, mutane za su sayi gyaɗa su zauna suna ɓarzar dariya, kai kuwa a lokacin ƙashinka ke karyewa. Ni zan wuce ta bakin silima in ji ana ƙyalƙyala wa ranar da ka nakasa?"

"To me aka yi ni dominsa? Tun ina yaro a wasan barkwanci na cikin tanti nake neman faɗuwa irin wannan. Duk sauran na kwaikwayo ne, wannan ce ta gaskiya, ki ce a zubar?"

Ta juya kan Fermín, don shi ne take iya wa.

"Ka yanke wurin nan ka ƙona shi. In ya hau bangon silima, ka nemi wata ka kai coci, ba ni ba."

"In ka sa almakashi a fim ɗina," in ji tsohon, yana nuna shi da sanda, "ko gawata ba za ta ba ka 'yata ba."

Fermín ya dubi wannan ya dubi waccan. Gaba kura baya sayaki. Ya ajiye lemon a kan kujera ya fita.

Kwanakin da suka biyo baya Nélida ta yi su ne da fushi. Da fushi take juya mahaifinta, da fushi take haɗa masa mate, shayin ganyen ƙasar, ta miƙa masa ƙoƙon. Shi kuwa ko a jikinsa, hali zanen dutse. Wannan mutumin ne aka aiko masa ana tsakar wasa a Rosario cewa matarsa na gargara, ya ce a jira ya gama, jama'a sun riga sun zauna. Ya gama kuwa, aka yi masa tafi, ya iso ya tarar an rufe mata fuska. Nélida tana ƙarama a lokacin, ita ce a gefen gadon.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne dalilin da ya sa ta so Fermín. A duk saman benen nan shi kaɗai ne ba ya dariya idan mahaifinta ya faɗi. Ta ɗauka tausayi ne, ta ce ga wanda yake ganin abin da take gani. Ashe kawai dariya na girgiza kyamara ne. Kuma duk da haka, in ta ji takun namiji a zaure sai gabanta ya faɗi, ta ji haushin kanta.

Ran Lahadi da hantsi tana tsakar gida tana hura gawayi don dutsen guga, sai ga shi. Bai yi aski ba, rigarsa a yamutse. Ya miƙo mata wani ɗan gwangwani mai faɗi.

"Mene ne wannan?"

"Faɗuwar ce, tun daga hawan tsani har ɗaga hula. Na yanke ta. Babu wata a ko'ina sai wannan."

"Na ce ka ƙona, ban ce ka kawo mini ba."

"Na ɗauki ashana na kasa, Neli. Na je zan mayar da ita cikin fim ɗin, nan ma na kasa. Ke ce zuciyata, shi ne ubana... ki yi yadda kika ga dama. Sai dai ki ja baya in za ki jefa, kamar albarushi yake ci."

"Wato ko wannan ma ni zan ɗauka. Kai dai hannunka ya fita."

Ta fizge gwangwanin ta buɗe, ta zaro nannaɗaɗɗen fim ɗin ta nufi kaskon wuta.

"Nélida!"

Ƙofar ɗakin a buɗe take, daga gadonsa yana hango komai. Ya yunƙura zai tashi, zafi ya mayar da shi.

"Ki ajiye. Ina umurtarki."

"Umurninka ya ƙare a saman bene, Baba."

"'Yar nan..." Muryarsa ta karye. Ba ta taɓa jin ta haka ba. "Kina tsammani ban ji abin da likita ya gaya miki ba? Ƙafa na karya, ba kunne ba. Ki ɗaga shi a rana ki duba farkonsa. Don Allah ki duba."

Ba ta so, amma hannunta ya ɗaga. Ga shi nan a 'yan ƙananan hotuna jere da juna, ɗan mitsitsi, yana hawa tsani da bokiti a hannu, yana wasa da ƙafa ɗaya a iska kamar saurayi.

"Nan ne kaɗai ya rage nake da ƙafafu," in ji shi. "In kin ƙona, kin ƙona su ne."

Hawaye na bin gemunsa. Mutumin da bai yi kuka a jana'izar matarsa ba, yau yana kuka a kan tsinken fim. Ta so wannan ya ƙara mata ƙarfin jefawa. Zafin gawayin na dukan hannunta, matan gidan sun yi cirko-cirko, ita kuwa ta tsaya kamar an dasa ta. Ubanta ne. Duk abin da ya yi, ubanta ne, kuma ba ta iya karya shi karo na biyu.

Ta naɗe fim ɗin a hankali ta mayar cikin gwangwani. Sannan ta murza zoben da ke yatsarta har ya fita, ta ɗora a kai ta rufe, ta danƙa wa Fermín.

"Neli, a'a... ai ke kika fasa ƙonawa."

"Ni na fasa. Kai masu, su yi dariya."

"To me ya kawo zobe? Masoyiyata, ki dube ni."

"Ina dubanka. Ina sonka, Fermín, shi ne abin haushin. Amma a gidan mutumin da ba ya tsayawa na girma, na ga abin da ya yi wa uwata. Ka ji ƙashi ya karye, ka ji ihuna, hannunka bai ko girgiza ba. Ran da ni ce a ƙasa fa? Ran da ɗanmu ne?"

"Da zan tsaya."

"Ka tabbata?"

Ya buɗe baki ya rufe. Gaskiyarsa ce ta ja masa tun farko, ita ce ta sake ja masa yanzu.

"Zan jira ki," ya ce da ƙyar. "Ko shekara nawa."

"Kada ka jira. Ina da wanda zan yi jinya."

 Daga ƙarshe ya rungume gwangwanin a ƙirji ya juya, kafaɗunsa na rawa. Ta bi bayansa da kallo har zaure ya haɗiye shi, sannan ta durƙushe gaban kaskon ta toshe bakinta da gefen siket, kukan ya ƙi tsayawa. Wata tsohuwa ta matso za ta dafa ta, ta girgiza kai.

Da ta samu ya lafa, ta wanke fuska a famfo, ta ɗebi ruwan ɗumi a kwano ta shiga ɗaki, lokacin goge masa jiki ya yi. Don Anacleto ya share hawayensa, har ya gyara kwanciya. Ya ga komai, ya ga fitar zoben, ya ji kukanta. Ta tsaya da kwanon a hannu tana jira, ko kalma ɗaya ce.

Ya dube ta, fuskarsa cike da zumuɗi.

"Bai faɗa miki a wace silima za a fara nunawa ba?"

Nélida ta ajiye kwanon a ƙasa don kada ya suɓuce mata. Ta tsoma tsumman ta matse shi, ta yi ta matsewa har bayan ya daina ɗiga.

"Ɗaga hannunka, Baba," ta ce.