Tabarau a Kan Teburin Likita

Da hantsi aka bugo wa Sufeto waya, wai an yi sata a tsohon gidan marigayi Likita, wanda wata ƙungiyar 'yan sa-kai ta mayar gidan tarihi. Tabarau ne ya ɓata daga kan teburin ɗakin karatu. Kafin ya isa, har an kulle dattijon da ke gadin gidan a caji ofis, gobe sai kotu.

"Ba a ɓalle ƙofa ba, ranka ya daɗe," in ji Shugabar ƙungiyar. "Banda mu, shi kaɗai ke da makulli."

"Ku nawa ne?"

"Mu goma sha ɗaya."

Sufeto ya dafe goshi. "Tabaraun wane iri ne?"

"Mai ruwan zinare. Ni nake goge shi duk Asabar."

Ma'aji ta rantse mai ruwan ƙasa ne. Sakatare, tsohon malamin tarihi mai zagayawa da baƙi, ya ce na azurfa ne. Shekara goma sha biyu suna nuna abu ɗaya, kowa da launinsa! Kan Sufeto ya ɗaure tamau.

Ya tsallake igiyar da ta kare teburin. Ƙura ta kwanta luf, goge-gogen Asabar dai a baki ya tsaya. Cikin ƙurar akwai gurbi biyu, na tabarau da wani mai kusurwa huɗu.

"Nan fa?"

"Katin bayani ne," in ji Ma'aji, tana nuna Sakatare. "Malam ne ya rubuta shi."

Ɓarawon da zai haɗa da kati, me zai yi da shi? Sufeto ya bi hotunan bango ɗaya bayan ɗaya. Hoto goma sha huɗu, ko ɗaya Likita bai sa tabarau ba.

"Cirewa yake yi in za a ɗauke shi," in ji Sakatare.

"Har a wannan da yake karanta jarida?"

Sakatare ya kama tari.

A caji ofis, Sufeto ya tambayi Maigadi launin tabaraun. Ya ce, "Baƙi ne, yallaɓai. Hannun hagu an ɗaure shi da shuɗin zare."

"Kai da ba ka shiga ɗakin, ya aka yi ka sani?"

"Ai nawa ne."

Sufeto ya ajiye biro. "Baba, yi mini a hankali, kaina ya yi zafi."

"Ranar da za a buɗe gidan na ɗauko teburin, na cire tabaraun na ajiye a kai don gumi. Kafin in dawo Malam ya sa masa kati. Da na yi magana ya ce in rufa masa asiri, 'yan makaranta sun riga sun rubuta a littattafansu."

Sufeto ya koma gidan, ya tarar ana jera kujeru. Shugaba ta ce gobe jikar Likita za ta zo, wadda ta tashi a hannunsa.

Ya juya wajen Sakatare. "Malam, ita ta san kakanta bai taɓa sa tabarau ba, ko?"

Sakatare ya zube kan kujera. Ya zaro tabaraun da katin daga aljihu.

"Shekara goma sha biyu ina faɗa wa mutane da shi ya karanta takardun marasa lafiya. Da wane ido zan dube ta?"

"Shi ne ka yi shiru aka kulle bawan Allah?"

Sajan da ya rako Sufeto ya kama hannun Sakatare zuwa mota, Shugaba na ta salati.

Da aka buɗe wa Maigadi, Sufeto ya miƙa masa tabaraun. Dattijon ya goge da bakin riga, ya sa, ya ƙura wa katin ido.

"Ashe abin da aka rubuta ke nan," ya ce. "Ni tun ranar ban iya karanta shi ba."