Tabon da ke Hannun Rawan

A falon gidan su Rawan da ke birnin Irbid na ƙasar Jordan ake gwajin rigar amarya, saura wata guda bikinta da Mu'utaz. Mata sun cika falon, ana shan gahawa ana tsokanarta. Tela ta ce ta naɗe hannun riga a auna ta, Rawan ta ƙi, sai da uwarta ta ja hannun da kanta.

Tabon yanka ne jere a hannunta, wasu sun warke, wasu ɗanyu.

"Innalillahi!" in ji Ummu Mu'utaz, uwar ango. Ta ajiye kofi, ta ja mayafi, ta fice ko sallama babu.

Shekara biyu ke nan da rasuwar Lujain, wadda aka haife su tagwaye da Rawan. Hatsarin mota ne a hanyar Amman, kuma Rawan ce ke tuƙi. Tun daga ranar, in ta duba madubi fuskar mamaciyar take gani tana kallonta. Ba ta faɗa wa kowa ba. In abin ya ci ƙarfinta sai ta kulle ɗaki ta huce a kan jikinta.

"Ka fasa auren nan!" Ummu Mu'utaz ta ce wa ɗanta da ta koma gida.

"Haba Umma, ciwo ne fa, ba laifi ta yi ba."

"So kake wata rana mu wayi gari mu tarar da ita..." Ta juya ta shige ɗaki.

Da la'asar Mu'utaz ya je gidan su Rawan. Ta miƙa masa zobensa.

"Karɓi abinka. Ni na kashe Lujain, Mu'utaz. Wani lokaci sai in ji gara in bi ta."

Bai karɓa ba. Ya dube ta ya ce, "Faɗa min gaskiya, kina tunanin kashe kanki?"

Ta fashe da kuka, ta gyaɗa kai. Shi ne mutum na farko da ya taɓa tambayarta.

"To ba zan ɓoye wannan ba, ko za ki tsane ni." Ya ƙwala wa babanta kira. A ranar suka kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa.

Aka ɗage biki. Dangi suka yi ta surutu, wasu su ce aljanu, wasu su ce hauka. Duk Talata Mu'utaz na zaune a bencin asibiti yana jiranta.

Bayan wata huɗu sai ga Ummu Mu'utaz ta zo gidan su Rawan ita kaɗai. Ta zauna kusa da Rawan.

"Ina da ƙane, Nidal," ta ce a hankali. "Ya sha faɗa mana ya gaji da duniya, mu ce ya rufe baki kar maƙwabta su ji. Da ya kashe kansa, muka ce wa mutane ciwon zuciya ne. Shekara talatin ina mafarkinsa. 'Yata, ba ke na guda ba, shi na gani a tattare da ke."

Rawan ta faɗa jikinta, suka yi ta kuka.

An ɗaura auren bayan shekara guda. Har yau Rawan na ganin likita, kuma ranar da duhun ya dawo takan buɗe baki ta faɗa. Duk wanda ya ce ya gaji da rayuwa, kar a rufe masa baki don gudun kunya. A saurare shi, a kai shi inda za a taimaka masa tun yana raye.