Adireshin Da Na Rubuta

Yaya bai zauna ba da ya shigo gidanmu ranar Talatar nan, bai kuma amsa gaisuwar mijina ba. Ya tsaya a tsakiyar falo, cikin kwalayen takardun da muka kwaso daga ofis, ya zaro wata takarda daga aljihu ya ɗora a kan tebur.

"Lauya, karanta min layin ƙarshe."

Mijina ya ɗauka ya duba, na ga yatsunsa sun tsaya cak. A ƙasan kowace takardar da lauya zai shigar kotu akwai wurin da yake rubuta adireshin da ɗaya ɓangaren zai riƙa kawo masa amsa. Adireshin gidan mahaifiyata ne a wurin.

Yaya ya ce da safen nan wasu mutum biyu suka yi wa Umma sallama, tsaf da su, bakinsu cike da ladabi. Ta zaci abokan surukinta ne, ta ba su kujera da ruwa. Suka tambaye ta ciwon gwiwarta, suka ambaci sunan maganin hawan jinin da take sha. Suka ce sun ga takwararta ta girma, wato 'yarmu Ummi, har sun san ƙarfe ɗaya da rabi ake tashinsu daga makaranta. Da za su tafi suka bar takardar a kan kujera, suka ce a gaya wa Lauya mai iyali ba ya wasa da wuta.

"Ƙanwarmu muka ba ka," in ji Yaya. "Ba mu haɗa maka da uwarmu ba."

Mijina ya sunkuyar da kai. "Laifina ne, Yaya. Ni na sa hannu."

Ina tsaye a bakin ƙofar kicin, ban ce uffan ba. Ni na rubuta adireshin.

Wata takwas ke nan mijina yana kan shari'ar nan. Wani kamfanin fasa dutse ne ya tsattsage gidajen mutane da nakiyarsa, waɗanda suka fito suka yi magana aka kama tara daga cikinsu aka tsare, shi kuma ya tsaya musu. Daga nan aka fara kiran wayarsa ana shiru, sai numfashi. Aka farke tayoyin motarsa sau biyu. Sakatariyarsa ta ajiye aiki tana kuka tana neman gafara. Mai ginin da ofishinsa yake ya roƙe shi ya tashi, ya rantse ba son ransa ba ne. Tun daga lokacin, in na dawo daga koyarwa, ni nake buga masa takardu.

Ranar da abin ya faru ya tafi gidan yari ganin mutanensa, aka karɓe wayarsa a ƙofa kamar yadda aka saba. Takardar da nake buga masa ta neman beli ce, ofishin rajista kuma ƙarfe huɗu yake rufewa. Na zo wurin adireshi na tsaya. Ofis babu. Na dubi Ummi tana wasa tsakanin kwalaye da littafin zanenta, hannuna ya ƙi rubuta gidanmu. Sai na sa na Umma. Ni malamar lissafi ce, a tunanina takardar za ta shiga aljihun teburin kotu ne ta kwanta. Ban san ana kai wa ɗaya ɓangaren kwafi ba. Shi kuma ya shigo uku da rabi yana haki, ya sa hannu bai karanta ba, shi da kullum yake yi wa jama'a faɗa a kan haka.

Yaya ya ba shi wa'adi zuwa Juma'a. Ko ya janye daga shari'ar, ko kuwa shi Yaya ya zo ya tafi da ni da Ummi, in kuma ta kama a raba auren, a raba. Ya fita bai dube ni ba.

Na daɗe ina gyara kwalayen da ba su buƙatar gyara. Mijina ne ya fara magana.

"Malamata, zo ki zauna. Na san ke ce."

"To me ya sa ka ɗauka?"

"Don sa hannuna ne a kai."

"Ba amsa ba ce wannan, Abban Ummi."

"In Yaya ya yi fushi da ni, suruki ya yi fushi da shi. In ya yi da ke... ba ki da wani yayan."

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. Sai a lokacin na lura da yadda wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na gaya masa na gaji. Na gaji da leƙen labule in mota ta tsaya, na gaji da canza hanyar makaranta, na gaji da murmushin ƙarya in abokan aiki sun tambaye ni gida. Ya ce shi ma ya gaji, gajiyar da barci ba ya warware ta. Amma akwai wani dattijo cikin mutum taran nan da ciwon suga ya fara cin ƙafarsa a ɗaure, in ya janye babu wanda zai ɗauki shari'ar, don lauyoyi uku sun riga sun ƙi.

"Ba zan riƙe ki da ƙarfi ba, sanyin idona," ya ce. "In tafiyar ce kwanciyar hankalinki, wallahi ba zan ga laifinki ba."

Da ya yi min faɗa da ya fi min sauƙi.

Kwana biyu ina ɗauke da abin. Ina tsayawa a gaban allo ina rubuta lambobi, zuciyata tana gidan Umma. A sujada ban san ma abin da zan roƙa ba, sai dai in ce Allah Ka zaɓa mana. Dangi suka yi ta waya, kowa na tsine wa rashin tunanin mijina. Wata gwaggona ta ce dama lauya da ɗan dambe ba a ba su 'ya. Ina ji ina shiru, shirun kuma yana ci na.

Ranar Alhamis bayan la'asar na tafi gidan Umma. Na same ta tana tsintar wake a faranti, tabaranta a kan hanci. Na durƙusa na faɗa mata komai, ban rage ba.



"Kin zaɓi 'yarki a kan uwarki," ta ce a hankali. "Ni ma da haka zan yi. Wannan ban riƙe ki ba. Abin da na riƙe ki shi ne kin bar bawan Allah yana shan zagin dangi kwana biyu, kina tsaye kamar turken awaki."

Na fashe da kuka. Ba ta rarrashe ni ba, sai ta ce in kira mata Yaya da mijina.

Yaya ya riga zuwa. Da ya ji gaskiyar ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Mijina ya iso da wata sabuwar takarda a hannu. Ya durƙusa ya gaida Umma, ya ba ta haƙuri, ya ce gobe da safe zai shigar da sanarwar canza adireshi, a cire gidanta a sa namu.

Umma ta ce ya yi mata bayani da Hausar mutane, ba ta kotu ba. Ya yi. Ta tambaya ko wannan takardar ma za a kai wa mutanen nan kwafi. Ya ce dole ne, haka doka ta ce.

"Yanzu sun san gidanku?"

"Ban tabbata ba, Umma. Mun tashi daga tsohon gidan wata huɗu ke nan. Makarantar Ummi dai sun sani, ita ma zan canza mata."

"To a bar shi yadda yake."

Yaya ya miƙe tsaye. "Umma, kin san abin da kike faɗa kuwa?"

"Zauna, tsayinka ba ya ba ni tsoro, ni na goya ka. Gidan nan sun riga sun gan shi. In an canza, ba za su manta da shi ba, gida na biyu kawai za a nuna musu da hannunmu. Gida ɗaya ya ishe su."

Yaya ya ce mafita a fili take, Lauya ya janye kowa ya huta. Umma ta juya ga mijina ta tambaye shi ko mutum taran nan sun yi abin da ake tuhumarsu da shi. Ya ce magana kawai suka yi. Ta tambaya yaushe za a gama. Ya ce bai sani ba, sau biyar ana ɗagewa.

"Kada ku zaci ba na tsoro," ta ce. "Tun ranar Talata ko ƙofa aka taɓa sai gabana ya faɗi. Amma waɗanda ke tsaren nan suna da uwaye su ma. Ba zan sa a saki hannunsu don in yi barci ba, ba kuma zan raba auren da ba shi ya yi laifi ba."

Daga baya Yaya ya ce zai dawo gidan da zama shi da iyalinsa, zai kuma sa a canza ƙofar waje. Bai ce ya haƙura ba. Amma da mijina ya miƙa masa hannu, ya karɓa, yana kallon bango.

Muka fito rana ta yi sanyi. Ya ninke takardar da ya zo da ita ya sa a aljihu. Babu wanda ya yi nasara a cikinmu, na san gobe ma zan leƙa labule, yanzu kuma har da nauyin Umma a ƙirjina. Muka yi tafiya mai nisa. A kwanar layi ya tsaya, idanunsa sun yi ja.

"Malamata... gobe Juma'a. Kina nan?"

Na share fuskata da gefen mayafi, na karɓi jakarsa mai nauyin nan na rataya a kafaɗata.

"Na gaji, Abban Ummi," na ce. "Amma ina nan. Mu je gida."