Amsar Da Nehemiah Ya Bayar

Ginika na tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu, miya na neman kamawa, amma hankalinta na falo inda mahaifinta ke wanke saurayinta Nehemiah tas. Mahaifin nata, Oga Paschal, ya tsufa yana sayar da kayan lantarki a Kasuwar Gombe, bai taɓa ganin wanda ya riƙe iyali da danne-dannen kwamfuta ba. Ya ce bai damu da cewa yaron Batangale ne su kuma Ibo ba, ai cocinsu ɗaya. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne ƙato ya gama jami'a ya koma ɗakin uwarsa a Dawaki yana zanen maɓallan waya.

"In ka samu aikin da ake kira aiki, ka dawo mu yi magana. Kafin nan, ka fita harkar 'yata."

Nehemiah ya rusuna ya yi godiya, ya fita jiki a sanyaye.

Sana'arsa tsara fuskar manhaja ce, wato abin da mutum ke gani yana taɓawa in ya buɗe waya. Ya nemi aiki har ya gaji, ko amsa ba a ba shi. Sai a makon nan wani kamfani na Legas ya kira shi intabiyu ta bidiyo, sun kuma ce ƙwararre suke nema.

Chukwudalu, yayan Ginika, ya ji tausayinsa. Ya turo masa ayyukan wani abokinsa da ya tafi ƙasar waje, kyawawa masu ɗaukar ido, ya ce ya nuna su a matsayin nasa, wa zai bincika? Ginika ma ta kira shi tana kuka.

"Don Allah, Nemi, sau ɗaya ne kawai. In ka shiga ai ka iya aikin. Na gaji da ɓuya in zan kira ka."

Ya adana ayyukan a kwamfutarsa.

Ranar intabiyu ya aro kwat, ya zauna a ofishin wani ɗan ajinsu a GRA saboda can ne wuta ba ta yawan ɗaukewa. Wata mata mai gilashi, Madam Nancy, ta bayyana a allon. Ta yi masa tambayoyin ka'idojin aiki ya amsa daidai. Daga nan ta ce ya nuna mata abin da ya taɓa ginawa da hannunsa. Ayyukan aron suna buɗe a gefe, yatsansa na kansu. Ya tuna kukan Ginika, ya runtse ido, sannan ya rufe ayyukan aron.

Ya ce bai taɓa aiki a kamfani ba. Abin da ya yi shi ne shafin mawaƙan cocinsu, da wata ƙaramar manhaja ta wani dattijo mai shagon magani a unguwarsu. Ta tambayi abin da ya fi ba shi wuya. Ya ce dattijon kullum gogewa yake dannawa maimakon ajiyewa, don maɓallan biyu suna manne kuma launinsu ɗaya. Sai ya raba su, ya sauya launi, ya sa manhajar ta riƙa tambaya kafin ta goge. Matar ta yi murmushi. Amma da ta tambaya ko ya taɓa aiki cikin tawaga, ko ya taɓa tsara manhajar da makafi za su iya amfani da ita, sai ya sunkuyar da kai.

"Ban taɓa ba, Madam. Amma zan koya."

Suka yi masa godiya, suka ɗauki wani.

Da Ginika ta ji, cewa ta yi sai ya je gaskiyar tasa ta aure shi, ta daina ɗaukar wayarsa. Nehemiah ya rame, ko coci ya je a baya yake zama. Ita ma ɗin ba barci take ba.

Wata rana ana cin abinci, Chukwudalu cikin mita ya saki baki, ya ce ya kai wa wawan nan Nehemiah abinci har baki ya tofar. Mama Eucharia, uwarsu, ta tsare shi sai da ya faɗi komai. Ta juya wajen mijinta.

"Baban Chukwudalu, yaron da ya ƙi yin ƙarya don ya samu 'yarmu, ba zai yi mata ƙarya in ya same ta ba. Namu ne suka ba ni kunya."

Oga Paschal ya haɗiye lomarsa. Ya ce gaskiya ba ta ɗora tukunya, sharaɗinsa na nan daram. Sai da ya wanke hannu ya ƙara da cewa yaron na iya zuwa gaisuwa ranar Lahadi.

Har yau Nehemiah bai samu aiki ba, ba a kuma sa rana ba. Lahadin farko Ginika ta kawo masa ruwa, ta durƙusa ta ce ya yafe mata, ta ce za ta jira ko da shekara nawa ne. Ya karɓi ruwan ya sha.

Haƙuri bai cika biyan mai shi da wuri ba, wani lokaci ma kaɗan yake bayarwa. Amma ɗan abin da gaskiya ta ba ka naka ne, ba mai zuwa wata rana ya ce ka dawo da shi.