Zakara Mai Farin Tukku

Auta na tsugune a bayan gida da hantsi, ta matse wata sagara tsakanin gwiwoyinta, tana rage mata tukku da ɗan ƙaramin almakashi. Kazar baƙa ce wul, tukkun kanta kuwa fari fat, ya yi buzu-buzu har ya rufe mata ido. In ba a rage shi ba, ko kwanon ruwa sai ta yi ta lalube, balle ta hango shirwa.

"Tsaya mana, 'yar gayu, saura kaɗan," Auta ke ce mata.

"Ikon Allah," aka ce daga bayanta. "Mata suna can suna gyara wa 'ya'yansu kai, ke kina nan kina yi wa kaza aski."

Yaya Babba ce, yayar mijinta, tsaye riƙe da ƙugu. Wata huɗu ke nan da ta dawo gida bayan mutuwar aurenta, kuma tun ranar da ta sauke akwatunanta ta tsani kajin nan.

"Ina kwana, Yaya."

"Lafiya. Ke dai ba kya tsoron abin nan? Kaza da gashi kamar tsohuwa? Na faɗa wa Mama, duk gidan da ake ajiye irin waɗannan, ba a jin kukan jariri a cikinsa."

Auta ta saki kazar, ta miƙe tana karkaɗe zanenta. "Sama da shekara arba'in ana kiwonsu a gidanmu, Yaya, kuma mu bakwai aka haifa. Ni ce ta bakwai."

Yaya Babba ta ja tsaki ta koma ciki.

Kajin gadon mahaifinta ne. Malamin makaranta ne shi, ya samo irin wajen wani tsoho tun yana saurayi, bai taɓa bari sun gauraya da wasu kaji ba. Da ya rasu, kowa cikin 'ya'yansa ya ɗauki abin da yake so, ita ta ce a ba ta kajin: mata biyar da zakara ɗaya. Ba su da wani nama, ƙwansu ƙanana ne farare, ga tsoro, ga shi ba sa yin kwanci. Sai an rufe musu fili da raga ta sama, sai an ba su ruwa a mazubi mai ƙaramin baki don kada tukkun ya jiƙe ya kawo musu mura. Duk wannan wahala Auta ba ta taɓa jin nauyinta ba.

Ta dalilinsu ma ta samu miji. Injiniya, kamar yadda kowa ke kiransa, ya zo gyaran firji gidansu, ya ga zakaran ya ƙyalƙyale da dariya. Baba ya kama shi ya ɗora masa a hannu ya ce, "Riƙe min, tunda ya ba ka dariya." Auta ce ta riƙe almakashi ranar. Firjin da gyaran awa ɗaya ya ishe shi, sai da Injiniya ya yi mako yana zuwa dubawa. Bayan aure, da hannunsa ya haɗa musu akurki a bayan gidan mahaifiyarsa, inda suke zaune a ɗakuna biyu.

Yanzu shekara uku da auren, babu ciki. Bara sun je asibiti su biyu, an yi musu gwaji. Likita ya ce Auta lafiyarta ƙalau, matsalar tana wajen maigidan, kuma ana iya gyarawa da ɗan ƙaramin aiki da magani. Injiniya ya ji tsoro, ya kuma ji kunya. Tun a harabar asibitin ya roƙe ta kada ta gaya wa kowa, ta yi masa alkawari. Daga nan kullum sai ya ce wata mai zuwa zai koma.

Da yammacin ranar da Yaya Babba ta yi maganar, Mama ta kira ɗanta falo. Ya daɗe a can. Da ya dawo ɗaki, ya zauna a bakin gado, bai ko cire rigar aiki ba.

"Mama ta ce a fitar da kajin kafin ƙarshen mako."

"A kai su ina?"

"Ko wajen yayyenki. Na ɗan lokaci ne, Auta, har ƙurar ta lafa."

"Yayyena a gidan sama suke haya, ka sani. Wanda ke da fili kuma karnuka biyu gare shi." Ta ajiye kayan da take ninkewa. "Me Mama ta ce kajin sun yi?"

Ya kau da kai, ita ta ci gaba.

"Sun hana ni haihuwa, ko? To kai me ka ce mata?"

"Me zan ce? Uwata ce."

"Ni ma na ɗauke ta uwa. In ta ce suna damunta da cara, zan rufe zakaran har gari ya waye sosai. In ta ce wari, zan riƙa shara sau uku a rana. Amma in na fitar da su a kan wannan magana, na amsa cewa ni ce na kawo muku masifa gida. Wannan kam ba zan amsa ba."

"Haba Auta, kaji ne fa."

"Na sani kaji ne. Shekara guda ina shan gori a gidan nan. Ranar nan a gaban baƙi Yaya ta ce da ni juya, na sunkuyar da kai na shige kicin. Ban buɗe baki ba, kuma ba zan buɗe ba, don alkawari na yi maka. Amma kada ka haɗa min biyu. Na riƙe maka sirrinka, ka bar min abin Babana."

Ya rufe fuskarsa da hannu. Tausayinsa ya kama ta, ta kawo masa ruwa. Amma ba ta janye ko kalma ɗaya ba.

Ƙarshen mako ya zo ya wuce, kaji na nan. Auta na gaida Mama safe da yamma, tana ɗora mata ruwan wanka kamar kullum. Mama na amsawa a daƙile.

Ran Talata Auta ta dawo daga kemis ɗin da take aiki wajen ƙarfe biyu. Tun daga ƙofa ta ji ƙamshin suya. Ta wuce bayan gida kai tsaye. Ƙofar raga a buɗe, matan biyar sun cure a lungu suna rawar jiki, babu zakaran. A gindin famfo ga farin gashi warwatse cikin ruwan jini.

Ba ta yi ihu ba. Ta tsuguna ta tsince gashin tukkun ɗaya bayan ɗaya, hawaye na ɗiga a hannunta. Sannan ta rufe ƙofar ragar, ta jawo kujera 'yar tsuguno, ta zauna a bakinta.

Yaya Babba ta fito da wuƙa a hannu. "Ƙawayena na tafe, ɗaya ba zai isa ba. Matsa."

"Ba zan matsa ba, Yaya."

"Ni kike gaya wa haka? A gidan ubana?"

"Gidan mahaifinki ne, gaskiya. Kajin nan kuma na mahaifina ne. Kin yanka ɗaya ba na nan, Allah ya gani. Sauran sai dai ki fara bi ta kaina."

Hayaniyar Yaya Babba ta fito da Mama. Wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga. Ana cikin haka Injiniya ya shigo da jakar kayan aiki a kafaɗa. Ya dubi jinin, ya dubi gashin da ke hannun matarsa, ya tsaya kamar an dasa shi.

"Yauwa, gara da ka zo," in ji Mama. "Na gaji. Yau sai ka zaɓa. Ko kajin su fita, ko su fita tare da mai su. Shekara uku ina jira, jikina ya fara sanyi, ban ɗauki ɗanka ba."

"Ki faɗa masa, Mama," Yaya Babba ta ƙara. "Mace ba ta haihuwa sai tarin tsuntsaye."

Auta ta ɗago ta dubi mijinta. Ta share hawayenta, ta gyara zama a kan kujerar.

Injiniya ya sauke jakar a ƙasa.

"Mama, ba kaji ba ne. Ba ita ba ce kuma. Ni ne."

"Kai ne me?"

"Bara mun je asibiti. Ita lafiyarta ƙalau. Ni ne likita ya ce sai an yi min aiki, na ji tsoro na ƙi komawa. Ni na roƙe ta ta rufa min asiri. Duk zagin da ta sha a gidan nan nawa ne, ita ta karɓa min, ni kuwa ina zaune ina kallo. Ko sau ɗaya ba ta goranta min ba. In akwai wanda za a kora yau, ni ne. In ta fita, ƙafata ƙafarta."

Maƙwabciyar ta sauke kanta daga katanga. Yaya Babba ta dubi wuƙar hannunta kamar ba ta san lokacin da ta ɗauko ta ba.

Mama ta dafa bango ta zauna a kan bokitin da ke kife. Ta daɗe tana kallon surukarta.

"'Yar nan, da gaske ne?"

"Mama, ni ba ni da ta cewa. Shi ya faɗa."

Tsohuwar ta sa gefen mayafinta ta rufe fuska. Ba wanda ya ci naman ranar, ƙawayen Yaya ma waya aka yi musu aka ce kada su zo.

Washegari da safe Auta na zagaya akurki tana tattara ƙwai, sai ga Mama a tsaye kanta.

"Tunda babu zakara, shi ke nan irin ya ƙare?"

"Da saura, Mama. Ƙwan da za su yi cikin kwanakin nan, zuwa kamar mako guda, zai iya ƙyanƙyashewa. Matsalar, su ba sa kwanci. Da can wata tsohuwar kaza nake sa wa, ta mutu da damina."

Mama ta koma ɗaki ta ɗauko mayafi da takalmi. Matar da ko gishiri ba ta taɓa aro a unguwar ba, ranar gida-gida ta bi tana tambaya ko akwai mai kazar da ta fara kwanci. A gida na shida ta samu. Ta dawo da azahar tana haki, rungume da wata jar kaza mai faɗa, duk ta karce mata hannu.

"Ga ta. In ba ta yi ba, gobe in ƙara gaba."

Auta ta karɓa, ta durƙusa. "Na gode, Mama."

"Tashi. Ni ce zan durƙusa miki, gwiwata ce ba ta lanƙwasuwa. Ki yafe min."

Ƙwai tara aka sa wa jar kazar. Cikin makonni ukun da ta yi tana kwanci, Injiniya ya koma asibiti aka yi masa aikin, Auta na zaune a bakin ƙofa har aka fito da shi. A rana ta ashirin da ɗaya 'yan tsaki shida suka fito, kowanne da ɗan tudun farin gashi a ka. Da suka tasa, biyu suka zama zakaru.

Yaya Babba ta fi kowa daɗewa kafin ta sauko. Wata biyu ba ta iya haɗa ido da Auta. Sai wata rana ta shigo ɗakinta ta zauna, ta yi ta kame-kame, daga bisani ta fashe da kuka. Ashe ita ma gorin haihuwa ne ya kashe mata aure, dangin miji suka sa ta gaba har ta fito. Abin da aka yi mata shi ta zo tana saukewa a kan wadda ba ta ji ba ba ta gani ba. Auta ta riƙe hannunta har ta yi shiru.

Haihuwa ba ta zo a shekarar ba, ba ta zo a ta gaba ba. Amma babu wanda ya sake tayar da maganar a gidan, in ma baƙo ya yi suɓutar baki, Mama ce ke fara tare shi. Sai a shekara ta uku Auta ta haifi 'ya mace, Yaya Babba ce ta kwana biyu a asibiti tana jinyarta.

Haƙuri ba shi ne mutum ya amsa laifin da bai yi ba. Auta ta haƙura da zagi, ta riƙe amanar mijinta, ba ta taɓa ɗaga wa surukarta murya ba, amma inda aka zo kan ƙarya ta kafe ta ce a'a. Namiji kuma ya sani, duk ranar da ya yi shiru don kare kunyarsa, matarsa ce ke ɗaukar dukan. Wanda yake sonta da gaske, shi zai buɗe baki ko da gaskiyar a kansa za ta faɗo.