Kujerun Aro a Ɗakin Umma

"Auta! Tsaye za ki yi kina kallonmu kamar baƙuwa? Ajiye jakar nan ki kama mana ƙafar kujera!"

Auta ta daskare a bakin ƙofa. Da safe da za ta tafi lakca, tabarma biyu ce a ɗakin nan, sai tsohon bencin Baba da rediyon da sai an mare shi yake magana. Yanzu kuwa ga Umma da maƙwabciyarsu Maman 'Yan Biyu suna ta nishi, suna cusa wata ƙatuwar kujerar kushin ta ƙofar da ba a yi ta don irinta ba. An riga an shimfiɗa jan kafet, ya fi ƙarfin ɗakin har gefensa ya hau bango. Ga labule mai furanni, ga fanka, ga talabijin a kan tebur.

"Na shiga uku! Umma, kin manta su wa za su zo yau?"

"Ai don na tuna ne nake wannan wahalar. Kama nan na ce!"

Bari ku ji yadda aka yi. Baba mai gyaran agogo ne, shekara da shekaru yana sunkuye a kan ƙananan ƙarafa har idanunsa suka gaji suka daina gani sosai, ya rufe rumfarsa ya dawo gida. Auta kuwa tana aji uku a jami'a, saura shekara ɗaya da rabi ta gama, ga rajista ta matso, gida babu. Jami'ar tana da wani shiri na ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi: a ba mutum aiki na 'yan awanni a mako, a laburare ko ɗakin gwaji ko lambu, a biya shi abin da zai riƙe karatunsa. Auta ta cike fom, ta rubuta gaskiyar halin da suke ciki ba ƙari ba ragi. Abin da ya rage shi ne kwamiti ya zo gida ya gani da idonsa.

To, sai ga subutar baki. Dogo, saurayin Auta, ɗan ajin ƙarshe, maraya ne, gwaggonsa ce ta raine shi tun yana rarrafe, kuma duk abin da ta ce ya zauna. Jiya ya faɗa wa Auta cewa Gwaggo, wadda ke aiki a ofishin kula da ɗalibai, tana cikin masu zuwa duba gidaje. Auta kuma sarkin surutu, tana wanke-wanke ta faɗa wa Umma. Shi ke nan!

"Umma, don Allah ki saurare ni," in ji Auta. "Rashi za su zo gani, ba wadata ba. In suka ga kayan nan cewa za su yi ƙarya na rubuta!"

"Ke yarinya ce, ba ki san duniya ba. Matar da za ta zama surukarki, ranar farko da za ta taka gidanmu, in zaunar da ita a tabarma mai huji? Ta koma ta ce wa yaron me? Wallahi ba da ni ba!"

Baba yana zaune a tsakar gida, ya ɗan yi gyaran murya. "Ni dai da za a ji tawa, a mayar wa mutane kayansu."

"Kai dai Malam ka sa sabuwar rigarka ka yi shiru."

Maman 'Yan Biyu ta kwashe da dariya. "Ku dai ku lallaɓa min talabijin, kada a danna min abin da ban sani ba."

Kafin Auta ta sake buɗe baki aka yi sallama. Gwaggo ce a gaba, doguwa kamar Dogo, da farin tabarau, fuska ba yabo ba fallasa. Bayanta wani jami'i ne riƙe da fayil. Umma ta tarbe su da fara'a har kunne, ta zaunar da su a kushin, ta kawo lemo mai sanyi, shi ma daga firjin maƙwabta. Auta ta durƙusa ta gaishe su, ta koma gefe ta sunkuyar da kai.

"Yaya ake fama da hidimar gida?" jami'in ya tambaya, alƙalami a hannu.

Auta ta ɗago za ta yi magana, Umma ta riga ta. "Alhamdu lillahi, muna cikin rufin asiri! Ba mu rasa komai ba. Malam ne ma ya ce ya huta da aiki haka nan."

Jami'in ya dubi kafet, ya dubi fanka, ya duƙa yana rubutu. Gwaggo kuwa ta gyara tabarau. Ta daɗe tana kallon talabijin, ta sauke ido ƙasa, sannan ta juyo ta dubi Auta ta saman tabarau. Ko lemon ba ta taɓa ba. Minti goma ba su cika ba suka yi sallama.

Bayan mako guda aka kafa sunaye a allon sanarwa. Auta ta bi da yatsa daga sama har ƙasa, ta sake bi, ta sake. Babu. Ta ja ƙafa ta koma bayan laburare ta zauna a dakali, can Dogo ya same ta, shi ma fuskarsa kamar wanda ya kwana bai ci abinci ba.

"Sori, Auta. Wallahi laifina ne, ni da shegen bakina."

"Bar shi kawai. Me Gwaggo ta ce?"

Ya yi ta kame-kame, sai da ta matsa ya faɗa. "Ta ce ɗayan biyu ne. Ko kin yi ƙarya a fom don ki ƙwace gurbin wani mabuƙaci, ko an yi mata ƙarya a ɗaki. Ta ce ko wanne ne, ƙafarta ba za ta je neman aure a gidan da ake haka ba."

Hawaye suka ɓalle wa Auta, masu zafi. Karatu ya tafi, Dogo ya tafi, duk a kan kujerun aro da kafet!

"Ki daina kuka, don Allah. Zan sayar da laftof ɗina in yi miki rajista. Gwaggo kuma, in ta ƙi, ni ba yaro ba ne, zan iya—"

"Kul! Kada ka ƙarasa." Ta share fuska da gefen mayafi. "Laftof ɗin da kake rubuta furojet da shi? Kuma matar da ta goya ka ta ciyar da kai, ka saɓa mata a kaina? In ka yi haka ni ma na fasa. Ka bi maganarta, Dogo. In da rabo za a yi."

"Siriyos kike?"

"Ka taɓa ganin ina wasa da irin wannan?"

Ta bar shi nan tsaye, ta wuce ofis ta karɓi takardar jingine karatu.

A gida ba ta ce wa Umma ci kanki ba. Ba ta yi fushi ba, ba ta ƙi cin abinci ba, ba ta yi irin maganganun nan na habaici da 'yan mata ke yi in an ɓata musu ba. Ta yi shara, ta yi wanki, ta karanta wa Baba jarida kamar kullum. Da Umma ta tambaye ta sakamako sai ta ce, "Allah bai yi ba." Amma fa ciwon yana nan, in ta shiga kicin sai ta toshe baki ta yi kukanta ta fito. Kwana uku tana juya takardar a jaka, don sai uba ya sa hannu. Ran na huɗu da hantsi ta kai wa Baba.

"Karanta min, 'yar Baba, kin san idon nawa."

Ta karanta. Umma tana tsintar shinkafa a gefe, hannunta ya tsaya cak.

"Jingine karatu? Wane irin jinginewa? Ke da kika kusa gamawa?"

"Ba komai Umma, baɗi sai in sake nema."

"Shi yaron fa? Kwana biyu ban ji sallamarsa ba."

Baba ne ya amsa, a hankali, ba tare da ɗaga murya ba. "Ba zai zo ba. Kin so ki rufa mana asiri, kin rufe wa yarinya hanya. Ni ban taɓa jin kunyar tabarmata ba, a kanta na tara iyalina. Ba ni alƙalami, Auta."

"Kada ka sa!" Umma ta miƙe, tiren ya kife, shinkafa ta watse a ƙasa. Ta dubi 'yarta, ta ga yadda ta rame a kwana huɗu, idanu duk sun faɗa, amma ko sau ɗaya yarinyar ba ta ce mata ke kika jawo ba. Wannan shirun ne ya karya ta. Ta fashe da kuka kamar ƙaramar yarinya. "Ni na cuce ki, Auta. Ni uwarki na cuce ki da hannuna! Ɗauko min mayafina."

"Ina za ki, Umma?"

"Inda na ɓata."

Ofishin kula da ɗalibai a cike yake, layi har waje. Umma ba ta taɓa shiga jami'a ba, sai rarraba ido take, amma ta riƙe hannun Auta gam. Da aka zo kansu, ga Gwaggo a bayan tebur, ga jami'in nan mai fayil, ga ɗalibai a bakin ƙofa sun baza kunnuwa. Auta ta raɗa mata, "Umma, bari a rufe ƙofa." Umma ta girgiza kai.

"Hajiya, na zo in faɗi gaskiya ne. Kujerun da kika zauna a kai ba namu ba ne. Kafet, fanka, talabijin, har lemon da na ba ku, duk na maƙwabciya ne. Mijina ba hutu yake ba, ido ne ya hana shi aiki. Ba mu da shi, Hajiya. Ba mu da shi! Abin da yarinyar nan ta rubuta shi ne gaskiya, ta roƙe ni kada in yi, na ƙi ji. Na ji an ce ke ce uwar yaron, sai na ji kunya ki ga yadda muke. In hukunci za a yi, ni za a yi wa."

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige, amma kuma ba ta taɓa jin son uwarta kamar na wannan lokacin ba.

Gwaggo ta cire tabarau ta ajiye. "Ai na sani."

"Kin sani?"

"Talabijin a kan tebur, wayarsa tana reto a ƙasa, ɗakin ko soket babu. Na ga wannan tun kafin in zauna. Amma mu abin da aka faɗa mana muke rubutawa, kin ce ba ku rasa komai ba, a gaban shaida. Na ce bari in ga ko akwai mai zuwa ya gyara." Ta tura wa Umma kujera. "Zauna, 'yar'uwa. Abin da kika yi yanzu ya fi aron kujeru wuya nesa ba kusa ba."

Ta juya wajen jami'in. "A sake tura wasu su duba gidan. Ban da ni, tunda ina da alaƙa da maganar, tun farko ma bai kamata in je ba. Wannan kuskurena ne." Game da Dogo kuwa ko kalma ba ta ce ba, Auta ma ba ta tambaya ba.

Aka sake zuwa, aka ga gida yadda yake, sunan Auta ya fito. Laburare aka tura ta, awa biyu kullum bayan lakca. Tana tura keken littattafai tsakanin kantoci, tana duba lambar da ke ƙeyar kowane littafi tana mayar da shi mazauninsa, tana goge ƙura, tana manne shafin da ya yage. Wasu 'yan ajinsu sukan yi mata dariya, "Ma'aikaciya, a kawo mana littafi kaza!" Sai ta kawo, ta haɗa musu da murmushi. Ta yi rajista da guminta. Dogo yakan shigo ya zauna can nesa, su gaisa da ido, ba ya wuce haka, don ta ce masa sai Gwaggo ta yarda. Wata huɗu ana haka, kuma wallahi wata huɗu ba wasa ba ne ga mai so.

Wata rana da yamma tana kan ɗan tsani tana jera littattafai a kanta ta sama, ta ji an ce, "Sauko, kada ki faɗo."

Gwaggo ce. Auta ta sauko ta durƙusa. "Ina wuni, Hajiya?"

"Lafiya lau. Shugabar laburare ta ishe ni da labarinki, wai tunda kika zo ba a sake neman littafi an rasa ba. Shi kuma wancan dogon banzan ya rame ya zama kamar sanda, ya ce min ke kika hana shi saɓa min. Haka ne?"

Auta ta sunkuyar da kai, kunya ta rufe ta.

"To tashi. Ki gaya wa mahaifinki ranar Asabar muna nan tafe, ni da kawunnan yaron. Amma da sharaɗi, sai kin karɓi digirinki a hannu. Kin ji ko?"

"Na ji, Hajiya. Na gode, Allah ya—" Kuka ya ci ƙarfinta.

"Ji min yarinya, a laburare ake kuka? An hana surutu a nan." Gwaggo ta jawo ta ta rungume, ita ma tana goge ido a ƙarƙashin tabarau. "Kuma daga yau na soke Hajiyar nan. Gwaggo za ki riƙa cewa."

Haka aka yi, ta gama karatunta, aka ɗaura aure gida biyu suna murna. Ku kuma 'yan'uwana masu karatu, ku riƙe wannan: rashi ba abin kunya ba ne, aikin halal ma haka, komai ƙanƙantarsa. Ƙaryar da aka yi don a tsare mutunci ita ce take zubar da shi. Wanda ya faɗi gaskiyarsa ya yi haƙuri, ko an jima, za a zo a same shi har inda yake.